Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Waɗanda suka saba da littattafaina sun san ni da labarin soyayya da na zaman kishi, to yau kam ku yi mini afuwa, labarin wata tsohuwar fata na zo muku da shi, da abin da na aikata a kanta, wanda har gobe idan na tuna sai in ji kunya ta lulluɓe ni. Na daɗe ina juya abin a raina, in rubuta ko in bari, daga baya na ga gara in faɗa da bakina ko wata ta tsira daga irin kuskurena.

Ni haifaffiyar Birnin Kudu ce, kuma a hannun kakata ta wajen uwa na tashi, wadda duk gidan muke kira Inna. A ƙarƙashin gadonta na ƙarfe mai rumfa akwai wata adaka, a cikin adakar nan kuwa akwai wata ɗamarar fata da take naɗewa a cikin tsohon zanen saƙi. Doguwa ce, ana rataya ta daga kafaɗa ta gitta ƙirji zuwa ƙugu, tana da aljihu biyar a jere, kowanne da murfinsa da maɓallinsa na tagulla. Tsufa ya sa ta yi duhu tana ƙyalli kamar bayan tsohuwar ƙwarya. Duk ranar Juma'a bayan ta yi wanka sai ta fito da ita ta goge, ta buɗe aljihunan ɗaya bayan ɗaya. Na farko tandun kwallinta ne a ciki, na biyu allura da zare, na uku kwabo mai huji da anini, na huɗu wata ƙaramar laya, na biyar kuwa nan take ɓoye ɗan canjin da take ba mu idan mun yi mata aike.

Ɗamarar mahaifinta ce. Sojan doki ne a rundunar Turawa, kuma yana cikin waɗanda aka kai Kamaru yaƙin Jamus. Inna ba ta san shekara ba, abin da ta riƙe daga bakinsa sunaye biyu ne, Garwa da dutsen Mora. Sai da na girma na yi ɗan karance-karance na gane cewa a watan Agusta na 1914 sojan Najeriya suka fara afka wa Garwa, Jamusawa suka fatattake su, garin bai faɗi ba sai a watan Yuni na 1915, su kuwa na kan dutsen Mora ba su miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916. Na kuma gane cewa wannan samfurin ɗamara Turawan Ingila sun fito da shi ne a 1903, wato shekarar da suka ci Kano, kuma kowane aljihu harsashi goma yake ɗauka, hamsin ke nan a jikin mutum ɗaya. Yadda aka yi tsohon ya baro bariki da kayan gwamnati bai mayar ba, wannan kuma tsakaninsa da Ubangijinsa, Allah Ya jiƙansa.

A shekarar 2018 autanmu ya shiga wata ƙungiyar samari masu wasan kwaikwayo, suka shirya wasa a kan zuwan Turawa. Sun sassaƙa bindigogi da itace, sun samo kaki a gwanjo, har da jar dara irin ta sojan da, saura ɗamara. Yaron nan ya zo ya durƙusa gaban Inna yana roƙon aro. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai miji, ko Sarkin Kudu ne ya aiko, sai dai ya zo nan ya kalla ya koma." Ni ce na shiga tsakani. Na ce ta ba ni ita na yini ɗaya rak, in kai wa wani baduku a Gwaram, aminin marigayi kakanmu, ya duba ya ɗinka wa yaron irinta. Sai da na yi kwana uku ina lallashi sannan ta juye kayanta a faranti ta miƙo mini, tana cewa, "Kishiya, in rana ta faɗi ba ki dawo da ita ba, kada ki dawo gidan nan."

Na sami Baba baduku a zaurensa, tsoho ne fari siriri, yana zaune kan buzu, fatu a rataye ta ko'ina, ga warin jima ya cika wurin. Aikinsa kube ne da kwari da zabira da jakar albarushi ta 'yan bindiga, da layun doki da sauran kayan hawa. Da na gaya masa abin da ya kawo ni sai ya yi murmushi ya ce, "'Yata, ai ni duk rayuwata kwaikwayon kayan yaƙi nake yi." Ya ce in dubi hawan salla da kyau, 'yan lifida da 'yan sulke da 'yan baka da 'yan bindiga, duk shigar mayaƙan da ce ake maimaitawa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, Ningawa sun addabi wannan yanki da hari, Gwaram da Birnin Kudu kuwa su ne a bakin iyaka, saboda haka kakanninsa kwarin da suke ɗinkawa kibiya mai dafi ake zubawa a ciki, kuma in ɗinki ya kwance a fagen fama ran mutum ne. Shi kuwa nasa kwarin na ado ne, kasuwarsa tana tashi ne gab da salla ƙarama da babba, lokacin da hakimai suke shirin tafiya Dutse, kamar yadda a da suke tafiya Kano kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991.

Ya karɓi ɗamarar da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri. Ya shinshina, ya lanƙwasa gefenta a hankali, ya ce kirgi ne na saniya, kuma ba jimar bagaruwa ba ce irin tamu. Ya juya bayanta ya nuna mini wata alama da aka buga a jikin fatar mai kama da sawun kaza, da wasu lambobi da suka kusa shafewa, ya ce wannan hatimin gwamnatin Ingila ne. Sannan ya shimfiɗa takardar buhun siminti ya zana kowane yanki, ya auna da tsinke, ya ƙirga ɗinkin da ke cikin tsawon gaɓar yatsa ɗaya. Da ya zo ƙarshen maɗaurin sai ya ga bakin ya tattaune kamar ɓera ya ci. Ya ce, "Wannan kam ba zan kwaikwaya ba, ba aikin baduku ba ne." Ni ma ban san dalilin wurin ba, na ɗauka ɓarna ce kawai ta shekaru. Kafin magariba na mayar wa Inna kayanta.

Mako biyar aikin ya ɗauka. Kirgin sai da aka sayo masa daga Ƙofar Wambai a Kano, domin fatar akuya da ya saba aiki da ita, wadda ake rinawa ja da karan dafi ko baƙi da kuloko, ba ta da kaurin da zai riƙe aljihu a tsaye. Maɓallan tagulla da bakin ɗamarar kuwa wani maƙerin farin ƙarfe ya zuba masa. Aljihunan ya jiƙa fatar ne ya ɗora a kan guntun itace da ya sassaƙa daidai girman harsashi goma, ya ɗaure ya bar ta ta bushe a inuwa, sannan ya huda da basilla ya ɗinke da zare mai kakin zuma. Ran da na je karɓa wallahi sai da na riƙe baki, domin in ban da sabunta babu abin da ya raba ta da ta Inna. Ina shirin naɗewa ya ce in dakata. Ya sa wani ɗan ƙarfe a wuta, ya buɗe murfin aljihun farko, ya buga alamarsa a ciki, ya kuma zana 2018 a gefe. Na ce, "Baba, ai ka ɓata ta." Ya ce, "Na gyara ta dai. Don kada wata rana wani ya ci haram da hannuna."

Aka yi wasa lafiya, autanmu ya yi ta fankama. Ni kuma don jin daɗi na jera tsohuwar da sabuwar a kan tabarma na ɗauki hoto na sa a Facebook. Ashe daga nan ƙaddara za ta biyo.

Shekara na zagayowa idon Inna ya rufe, yana ta lulluɓe duka biyun, har ta kai sai an riƙe hannunta zuwa bayan gida. Likita ya ce sai an yi aiki. Yayanmu abin hannunsa ya ƙare wajen jinyar matarsa, ni kuwa kasuwar littafi ta faɗi, masu karatu sun koma waya, katan-katan na littattafaina suna jibge a ɗaki ƙura tana ci. Ana cikin haka sai ga saƙo daga wani dillalin kayan tarihi a Kano, ya ce ya ga hoton, yana so ya zo ya gani da idonsa. Na gaya wa Yaya, muka yi shiru muna kallon juna, kowa ya san abin da ke ran ɗan'uwansa.

Mutumin ya zo, muka sadu da shi a gidan Yaya, ni kuwa na zaro ɗamarar daga adaka Inna tana barci. A gaskiya bai cuce mu ba, kuma ya buɗe mini ido a kan abin da ban sani ba. Ya ce masu neman irin wannan kaya a Turai da Amurka kashi biyu ne. Akwai ƙungiyoyin da suke sa kayan sojan da, su fita fili su maimaita tsohon yaƙi jama'a suna kallo, kamar yadda dubban mutane suka taru a Beljiyam a 2015 suka maimaita yaƙin Watalu da aka ci Nafoliyon shekara 200 kafin nan. Waɗannan sabon ɗinki suke saye, don fatar da ta shekara ɗari ba ta jure gudu da ruwan sama, tsagewa take yi, kuma kowa ya san kwaikwayo ce, ba a ɓoyewa. Sai kashi na biyu, masu tara kayan tarihi su adana, su kuwa ta asali suke so, kuma su ne masu biyan kuɗi da tsoka. Ya fito da wani ɗan madubi mai ƙara girman abu ya duƙufa a kan sawun kazar nan da lambobin. Ya ce dole ya duba da kyau, domin kasuwar ta cika da jabu, mutane suna ɗinka sabuwa su shafa mata mai, su rataye a hayaƙi, su sayar a matsayin tsohuwa. Bawan Allah bai san darasi yake ba ni ba.

Naira dubu 150 ya biya. Na ƙirga kuɗin hannuna yana rawa.

Washegari na ɗauki sabuwar na hau motar Gwaram. Na gaida Baba baduku, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na fito fili na ce ina so ya tsufar mini da ita, ya kuma goge alamarsa. Ya ajiye basillarsa ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Wa za a ruɗa?" Na ce ba sayarwa za a yi ba, Inna ce kawai ba ma so ranta ya ɓaci, ga ta ba lafiya. Ya ce, "'Yata, na san yadda ake yi, kwana goma ya ishe ni. Amma matar aminina ce. In ba zan yi wa Bature ba, ita zan yi wa? Ki koma ki gaya mata gaskiya, tsohuwa ce, ta ga abin da ya fi wannan." Na tashi raina a ɓace, a mota har ina ce wa kaina tsohon nan ya cika tsauri, shi da ba shi zai biya kuɗin asibiti ba.

Da hannuna na yi aikin. Na shafe ta da man shanu, na rataye ta a saman murhun gidan Yaya mako biyu, na murje ta da toka da jar ƙasa, na sa reza na kankare alamar Baba da shekarar. Duk wannan lokaci Inna ba ta nemi adakarta ba, ciwon ido ya ɗauke mata hankali. Ranar da aka tafi da ita Kano na zuba kwallinta da allurarta da kwabonta da layarta kowanne a aljihunsa, na naɗe a zanen saƙin na mayar. Na duba na ce ko dillalin nan sai ya sa madubinsa.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Ran da aka kwance mata ido ta kalle ni ta ce, "Ashe haka kika rame, kishiya?" Muka yi ta dariya har da hawaye. Aka yi Juma'a ɗaya, aka yi ta biyu, ban ji komai ba, har na fara sakin jiki. Ranar Juma'a ta uku bayan sallar isha'i sai na ji ta kira ni. Na shiga na same ta a bakin gado, ɗamarar tana kan cinyarta, fitila a kashe, yatsunta suna shafa ƙarshen maɗaurin.

Ta ce, "Ina haƙorana?"

Na ce, "Na'am Inna?"

Ta ce, "Haƙorana nake tambaya. Lokacin da nake fitar da haƙori, uwata ta ce ba na barci sai Baba ya ɗora ni a cinya ya ba ni bakin ɗamarar nan ina tauna. Tun da ya rasu, duk ran da na ɗauko ta nan nake fara taɓawa. Wannan kuwa bakinta sumul. Kuma warin madafa take yi, ta Baba warin doki take."

Ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na zube a ƙasa na faɗa mata komai, tun daga hoton har zuwa reza. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta yi shiru har na ɗauka ba za ta yi magana ba, can sai ta ce, "Da kun tambaye ni, da ni da kaina zan miƙa masa. Ido ai ya fi fata, Baba ma da yana raye shi zai fara cewa a sayar. Da na sani da na riƙe ta dare ɗaya na yi sallama da ita. Amma kun biya kuɗi an buɗe mini ido, sannan kuka zo kuka watsa mini toka a ciki." Wallahi da dukana ta yi da ya fi mini sauƙi.

Da gari ya waye na kira dillalin na ce ko nawa ne zan nemo in fanshe ta. Ya ce in yi haƙuri, tun makon da ya saya ta wuce Legas, daga can kuma ta ƙetare teku. Da na sani ƙeya ce. Yanzu haka wataƙila tana cikin akwatin gilashi a ɗakin wani mutum da bai taɓa jin sunan Birnin Kudu ba, yana kallon bakin maɗaurin yana cewa ɓera ne.

Hukuncin da Inna ta yanke mini ɗaya ne. Ta ce in mayar da ɗamarar Gwaram, in ba Baba baduku haƙuri, ya sake buga alamarsa. Tafiyar nan ta fi mini kowace tafiya nauyi. Tsohon bai ce mini ai na gaya miki ba, bai ma tambaye ni yadda aka yi ba. Ya buɗe murfin ya ga tabon reza, ya girgiza kai, ya sa ƙarfensa a wuta ya buga alamar a gefen tabon. Na ce ko zai iya rufe tabon, ya ce a bar shi, shi ma yanzu ya shiga tarihinta. Inna ta ba autanmu ita halak malak, har yau da ita yake fita wasa. Kwallinta da kwabonta kuwa ba ta sake zuba su a ciki ba, a wani ƙyalle ta ƙulle su har Allah Ya karɓi ranta a 2023. Ta yafe mini tun a daren, ta kuma maimaita a gaban Yaya, amma duk Juma'ar da na ga ta kwance ƙyallen nan sai in fita tsakar gida.

To 'yan'uwa, abin da ya sa na kawo wannan labari shi ne, na ga mutane da yawa suna raina kayan kwaikwayo, wasu kuma suna cin amana da su, alhali kuwa sana'a ce mai daraja in an yi ta da gaskiya. Ba don dukawa irin Baba ba, da yaranmu ba su san kamannin kwari ko lifidi ba sai a hoto. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye, kowa ya yi murna, to amma fa hawa ba ya yiwuwa sai da mai ɗinka kayan hawa, su kuwa tsofaffin suna ƙarewa, 'ya'yansu sun kama acaba da sayar da kati, fatar roba ta cika kasuwa, kirgin ma kafin ya isa hannun majemi an babbake shi an yi ganda. Ni kaina da na zauna na yi tunani sai na ga sana'ata da ta Baba 'yan gida ɗaya ne. Ni ma rayuwar mutane nake kwaikwaya in ɗinka ta a takarda, shi ya sa a farkon kowane littafi muke rubuta cewa wannan labari ƙagagge ne, ba a yi shi don wani ko wata ba. Ashe wannan layin shi ne ƙarfen da muke sawa a wuta. Na shekara ina rubuta shi a littattafaina ba tare da na san nauyinsa ba, sai da na kankare na wani da reza.

Shawarata ga duk wanda Allah Ya bar wa irin wannan gado a gida, takobi ne ko sulke ko gafaka ko ɗamara, in yara suna so su yi wasa ko hawa da shi, a kai wa baduku ko maƙeri ya yi irinsa, a biya shi haƙƙinsa, a bar shi ya sa alamarsa, na asalin kuma a adana. A zauna da tsohon da ya san labarin kayan a rubuta tun yana da rai, domin ni shekara talatin ina ganin bakin maɗaurin nan ban taɓa tambaya ba. Wanda ba zai iya adanawa ba, akwai gidajen tarihi irin Gidan Makama a Kano. In kuwa larura ta kai ga sayarwa, ba abin kunya ba ne, talauci ba zunubi ba ne, amma a sayar da sanin mai kaya, a bar shi ya yi sallama da abinsa.

Allah Ya jiƙan Inna da mahaifinta, Ya saka wa Baba baduku da alheri, mu kuma Ya yafe mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Wadda ta karanta wannan, ina roƙon ta sa Inna a addu'a. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu, wassalam.